Sunan Da Aka Raɗa Mini Ba Rago

Ban taɓa jin tsoron lasifikar masallacinmu ba sai ranar da mai gyaran keken layinmu ya rasu. Da hantsi ne, ina rumfata, hannuna cikin kumfar sabulu, na ji ladan ya hura abin sau biyu, ya yi salati, ya faɗi sunan mamacin na yanka, ya haɗa da na mahaifinsa. Ko mutum ɗaya bai ɗaga kai ba. Mai koko ta ci gaba da juya ludayinta, telan da ke kusa da ni bai ɗauke ƙafa daga kan keken ɗinki ba. Sai da ladan ya ƙara da cewa, “wanda aka fi sani da Ba-Birki,” sannan layin gaba ɗaya ya ɗauki salati, mata suka shiga neman mayafi.

Haka Zangon Kumasi yake. Sunan yanka na fasfo ne da katin asibiti. Sunan da za a raka ka kabari da shi kuwa, wani ne ya liƙa maka wata rana da ba ka shirya ba.

Na raka gawar, na dawo na zauna, hankalina ya ƙi kwanciya. Na haura shekara saba'in. Na je Makka. Na aurar da 'ya'ya huɗu, saura auta. Shekara hamsin ina wanke hulunan manyan Zango, ban taɓa musanya wa wani tasa ba. Amma ranar tawa, ladan zai hura lasifika sau biyu, ya faɗi sunan da aka yanka wa rago ba wanda zai motsa, sannan ya ce, “wanda aka fi sani da Bulokhed.”

Ga waɗanda Allah bai jarrabe su da Turanci ba, wannan zagi ne. Abin da Turawa ke ce wa daƙiƙi ke nan. Kuma kada wani ya ɗauka jahilin boko ne ke wannan rubutun. Na yi aji huɗu cif, na ukun ma sau biyu na yi shi don in tabbatar. A farkon zuwana aji ukun ne abin ya faru.

A nan, in mun ce makaranta, ta allo muke nufi. Ta boko sukul muke ce mata. Kafin a kai ni sukul na riga na yi nisa a makaranta, na saba da littafi, na san ta inda ake buɗe shi: ta dama, kamar yadda kowane ɗan Musulmi ke buɗe Alƙur'ani. A aji ɗaya da aji biyu kuwa a ɗan allon dutse muke rubutu da alli, abin da ba shi da gaba ba shi da baya. An koya mana jan rubutun boko daga hagu, na koya. Amma ba wanda ya taɓa ce mini littafin Bature ma ta hagu ake shiga cikinsa.

Da muka shiga aji uku aka ba kowa littafin rubutu, sabo, mai ƙamshin takarda. Ticanmu wani saurayi ne Batone, wato Ba'asante, dogo, ɗan gayu, kullum da jan biro a aljihu da tsumagiya a hammata. Ya rubuta lissafin sau har guda goma a allo, ya ce kowa ya kwafa ya yi a gida. Na kwafa, na kai gida, na zauna a bakin ƙofar ɗakin innata, na buɗe littafin ta dama. Ban ko yi shakka ba, don bangon wannan gefen shi ne mai cike da lambobi, ɗayan kuwa ba komai a kansa sai wurin rubuta suna. Na ce ai inda ilimi ya fi yawa nan ne gaba. Na rubuta Bismillah da Larabci a sama, na yi lissafina goma, na rufe.

Washegari Tica ya bi layi yana dubawa. Ya zo kaina, ya buɗe ta hagu, ya ga farar takarda fes. Ya buɗe shafi na biyu, fes. Ya tambaye ni da Turanci ina aikina. Ni kuwa Turancina a lokacin bai wuce gaisuwa da neman izinin fita fitsari ba. Hausa da Tonanci ina da su har da na sayarwa, amma a sukul haramun ne, wanda aka kama yana yi bulala ce. Na miƙa hannu zan juya masa littafin, ya ɗauka fizgewa zan yi, ya make hannun. Ya zare jan bironsa, ya rubuta da manyan baƙaƙe daga wannan kusurwa zuwa waccan: BLOCKHEAD. Ya ɗaga littafin ya nuna wa aji, ya sa su maimaita sau uku. Sannan ya ba ni shida a mazaunai.

Bulalar ta warke kafin Juma'a. Sunan kuwa, 'yan Zango uku ne a ajin, kuma ɗaya daga cikinsu bai ko tsaya cin abinci ba sai da ya zagaya da shi gida gida. Wannan yaron shi ne ladanmu na yau.

Bayan la'asar ta ranar jana'izar na tare shi a bakin famfon masallaci.

Na ce, “Mai lasifika, tsaya. In na mutu me za ka faɗa?”

Ya ce, “In ka mutu ai ba ruwanka da abin da zan faɗa.”

“Ina tambayarka.”

“Abin da kowa ya sani zan faɗa, Alhaji Bulokhed. Ko so kake mu huɗu mu ɗauke ka, na biyar ya riƙe mana takalma?”

“Wa ya yanka wa sunan nan rago?”

“Ba kowa.”

“An raba goro? Wanzami ya zo?”

“An dai raba bulala.”

“To ba suna ba ne. Sunan da ba rago ba goro ba shi da hurumin hawa lasifikar masallaci.”

Ya yi dariya har ya fesa ruwan alwala. Ya ce, “Ni ba ni na raɗa ba, dako kawai na yi. Ka je wajen mai shi ya cire abinsa. Yana nan da rai, na gan shi a layin masu ciwon ido a asibiti. A Dichemso aka ce yake, wajen 'yarsa.”

Wasa yake yi. Ni kuwa a nan na ƙulla niyya.

Littafin yana nan, kuma ba don ni ba. Ranar da abin ya faru na cusa shi ƙarƙashin katifa, na ce ya ɓata, na sha wani dukan a gida, aka saya mini sabo. Innata ta tsince shi tana shara. Ba ta karanta boko, jan rubutun bai ce mata komai ba, amma ta buɗe ta dama, yadda ya kamata, ta ga Bismillah. Takardar da ke ɗauke da sunan Allah kuwa ba ta shiga bola, ba a ƙunshe ƙosai da ita. Ta naɗe shi a tsohon ɗankwali ta sa a ƙasan adakarta. Sai bayan rasuwarta na gan shi, na mayar na rufe, ban gaya wa kowa ba.

Na ciro shi, Hajiyata tana kallona.

Ta ce, “Malam, me za ka yi da wannan tsumman?”

Na ce, “Zan kai wa Tica aikin gida. Bai duba ba.”

“Yaushe ya bayar?”

“Ya ɗan kwana biyu.”

Ta ce, “Allah ya shirye ka. Mutane na shirin bikin autarsu, kai kana shirin komawa aji uku.”

Autar tamu, wadda ke aikin jinya, ta ji mu daga ɗaki. Ta fito da waya a hannu. “Baba, in ma'anar kalmar kake so, ga shi nan yanzu zan duba maka, da asalinta da komai. Ba sai ka hau motar turoturo da ciwon gwiwa ba.”

Na ce, “Waya ce ta rubuta mini shi? Mayar da abarki. Bakin da ya faɗa shi zai yi bayani.”

Ba don ban taɓa tambaya ba. A tsawon shekarun nan na ji fassara iri iri. Wani magini ya rantse mini cewa daga bulon siminti aka samo ta. Wani tsohon soja ya ce sunan wani gwamna ne da ya yi wauta a zamanin Turawa. Kowa da tasa, kuma duk wanda ya faɗa sai ya dubi kaina kamar yana auna shi.

Kwana uku ina zuwa Dichemso. Ranar farko na yi ta tambayar tsohon tica dogo, aka nuna mini guda biyu, ɗaya gajere, ɗaya kuma mace. Rana ta biyu ruwa ya kore ni. Rana ta uku wata mai gasa ayaba ta ce, “Mai tsumagiya? Ai har yanzu jikokinsa ba sa wucewa ta gabansa da gudu.” Ta nuna mini wani gida mai shuɗiyar ƙofa.

'Yarsa ce ta buɗe, mace mai kamar shekara hamsin. Ta ga babbar riga da hula, ta ce da Tonanci, “Kramo, sannu da zuwa, wa kake nema?” Kramo shi ne abin da Tonawa ke kiran Musulmi, ba zagi ba ne. Na ce ɗalibin babanta ne. Ta dubi furfurata, ta dubi sandata, ta ce in shigo.

Yana zaune a baranda cikin kujerar kwance, ya yafa zane. Tsawon yana nan, amma ya lanƙwashe. Aka kawo mini ruwa, na sha, sannan bisa al'adarsu ya tambaye ni abin da ke tafe da ni. Na miƙe tsaye, don ba a ba tica aiki a zaune. Na warware ɗankwalin, na miƙa masa littafin da hannu biyu.

Na ce, “Tica, aikin gida na kawo.”

Da Tonanci na faɗa, ina jira in ga ko zai ce haramun ne. Bai ce ba. Ya sa tabarau, ya karɓa, ya buɗe. Ta hagu. Jan rubutun ya koma ruwan ƙasa, amma yana karantuwa sarai. Ya daɗe yana kallo.

Ya ce, “Hannuna ne wannan.”

“Naka ne.”

“Alhaji, ka gafarce ni, ban tuna ka ba. Na rubuta wa yara da yawa wannan kalmar.”

“Su nasu ya wanke. Nawa ya kama. Jikokina ma da shi suke kwatancen gidanmu.”

Ya buɗe shafi na biyu, ya buɗe na uku. Ya ce, “To amma ai ba ka yi aikin ba.”

Shekara sittin da wani abu ina jiran wannan maganar. Na miƙa hannu. Wannan karon ba wanda ya make shi. Na rufe littafin, na kifa shi, na buɗe masa ta dama.

Bismillah tana sama, lissafi goma suna ƙasa, da fensir, kowanne da layinsa da na ja da gefen allo. Tsohon ya bi su da yatsa har ƙasa, ya dawo sama. Ya juya littafin ya dubi jan rubutunsa, ya sake juyawa ya dubi nawa. 'Yarsa ta leƙo ta kafaɗarsa, ta dafe baki.

Na ce, “Mu ta nan muke shiga littafi.”

Ya ɗago kai ya dube ni. Sannan ya ce, “Me ya hana ka faɗa?”

“Da wane baki? Biyu kun haramta, na ukun ba ku gama koya mini ba.”

Ya cire tabarau ya goge ido da gefen zane. Ya ce shekarunsa goma sha tara a lokacin, ko horon koyarwa bai yi ba, aka tura shi cikin yara cike da ɗaki. Kalmar ma ba tasa ba ce. Wani Bature da ya koyar da su ne yake kiransa da ita, har da ƙwanƙwasa masa kai da ƙugiyar yatsa. Shi kuma da ya samu aji, ya ɗauka haka ake koyarwa.

Na ce, “Ashe gado ne. To Tica, abu uku na zo nema. Na ɗaya, ka gaya mini ma'anarta da inda ta fito. Na biyu, ka duba aikina. Na uku, ka cire sunanka, ko ka kawo ragonsa.”

Ya ce ma'ana dai daƙiƙi. Asali kuwa, ya sunkuyar da kai ya ce shi ma bai taɓa bincikawa ba. Na ce, “Ka ba mutum abin da ba ka san me ke ciki ba?” Ya aiki 'yarsa ta ɗauko wani ƙamus mai kaurin matashin kai, bangonsa ɗaure da igiya. Idonsa bai iya ƙananan baƙaƙen ba, ita ta karanta, tana juya mana da Tonanci.

Ta ce tsohuwar kalma ce, ta yi ɗaruruwan shekaru. A ƙasar Turawa masu yin hula da masu yin gashin nan da lauyoyi ke ɗorawa a kotu suna da wani gungumen katako da aka sassaƙa da siffar kan mutum. A kansa suke ɗora aikinsu don ya ɗauki tsari. Kai ne a ido, amma ciki ba komai sai itace. Shi ne in mutum ya cika wauta sai su ce kansa irin wannan ne.

Na ce ta maimaita. Ta maimaita.

Dariya ta kama ni har sai da na koma na zauna. Suka tsaya suna kallona, don ba su san sana'ata ba. Na ce, “Tica, guda ashirin da uku gare ni a rumfa.”

Na yi musu bayani. Da na bar sukul kawuna ya ɗauke ni wankin hula. Ana jiƙa ƙube, a goge ta da buroshi, a ɗauraye, a sa mata sitaci, sannan a ja ta a kan katakon da ya yi daidai da kan mai ita, a shanya a rana. In ta bushe a bubbuga, a goge, a zare ta tana tsaye kamar sabuwa. Mu kai kawai muke ce wa katakon. Nawa na itacen odum ne, masassaƙan Ahwiaa suka yi wa kawuna su, sun girme ni a sana'ar. Ba limami ba sarkin unguwa a Zango da hularsa ba ta kwana a kansu ba kafin ta hau nasa.

Tsohon ya ce, “To ka ga, ashe sunan bai yi muni ba.”

Na ce, “A'a, Tica, kada ka bi ta nan. Katakon mutumin kirki ne, ba ya kumbura, ba ya gulma, ba ya cewa an matse shi. Amma shi bai yi lissafi goma ba. Ni na yi. Ina jan biro?”

Aka nemo a jakar jikarsa. Ya gyara zama, ya ɗora littafin a gwiwa, fuskarsa ta koma irin ta da, har na ji mazaunaina sun tuna. Ya bi ɗaya bayan ɗaya yana motsa leɓe. Na farko daidai. Na biyu daidai. Na huɗu ya ja masa gicciye. Na ce ya sake dubawa, ya ce bakwai sau takwas ba su taɓa zama hamsin da huɗu ba, ko a zamanin Turawa. Ya gama, ya ja layi biyu, ya rubuta bakwai bisa goma, ya sa hannu.

Ya ce, “Amsoshin duk suna nan a bangon da ka buɗe, a gaban hancinka, ka kuma faɗi uku.”

Na ce, “Shaida ke nan ban yi satar amsa ba. Ka rubuta wannan ma.”

Bai rubuta ba, amma ya rubuta kalmar da suke sa wa aiki mai kyau, ya ja mata layi. Ya ce abu na uku kuwa ba a baranda za a yi shi ba. A gaban mutane ya ba ni sunan, a gaban mutane zai karɓe.

Ranar Juma'a da safe, lokacin da rumfata ta fi cika da masu karɓar hula, tasi ta tsaya a bakin layi. Tica ya fito cikin farin zane, 'yarsa na riƙe da shi, a ɗaya hannunta farin zakara da ƙwai a ƙwarya. Haka Tonawa ke ba da haƙuri in sun ɓata wa mutum. Ya tsaya a gaban kawunan katakona da ke jere a rana, kowanne da hularsa, ya gaishe su da kai kamar ya shiga taron dattawa. Sannan ya sauke zanen daga kafaɗa, abin da suke yi a gaban manya, ya ce da ƙarfi shi ne ya sa wa wannan bawan Allah suna bisa kuskure, yaron ya yi aikinsa, shi ne bai san ta inda ake buɗewa ba. Ya janye.

Mutane suka yi ta kabbara, mai koko ta rangaɗa guɗa. Ladan yana tsaye a gefe yana jiran hularsa. Da tasi ta tafi ya matso ya ɗaga zakaran yana auna nauyinsa.

Ya ce, “Rago ka ce, zakara aka kawo. Wannan ko rabin sunan ba zai cire ba.”

Na ce, “Mai shi ya janye a gabanka.”

“Ya janye nasa. Na bakin mutane fa? Alhaji, ni ba mugunta nake maka ba. Aikina in faɗi abin da zai tashi mutane daga kan tabarma. A Zangon nan ka taɓa ganin an cire wa wani suna? Sai dai wani ya hau kansa ya danne.”

Na tsani in yarda da shi, amma gaskiya ya faɗa. Na kwana biyu ina juya maganar, sannan na kai littafin wajen mai hoto, ya sa mini shi a gilashi, buɗe ta dama, na rataye a rumfa daidai inda ido zai sauka. Na kafa doka: hula ba ta sauka daga kan katako sai mai ita ya karanta abin da aka rubuta da ja, da ƙarfi, yadda tela zai ji.

Wanda bai san Zango ba zai ce wannan ba wani abu ba ne. To dattijo a nan zai iya zuwa Juma'a da yunwa, amma ba zai je da hula a lanƙwashe ba, kuma duk unguwar ni kaɗai na rage mai kawunan odum. Na farko wani Alhaji ne mai shagon kayan mota. Ya ce, “Bulokhed, miƙo hulata, ina sauri.” Na ce ban ga mai wannan sunan ba, amma ga allon gilashin can a rataye. Ya yi tsaki, ya dubi agogo, ya ce, “Bakwai bisa goma.” Na ce tela bai ji ba. Ya ɗaga murya. Na zare masa hularsa, har na ƙara mata bugu biyu kyauta.

Wasu sun yi fushi. Mutum biyu suka kai hulunansu wajen wani mai wanki a unguwar Ayigya, suka dawo da su kamar an zauna a kai, suka karanta allo ba gardama. Hajiyata ta ce zan kori mutane da wautata, na ce bakwai bisa goma ba ya wauta. Masu larurar ido na yafe musu karatu, amma ban yafe musu faɗa ba. Limaminmu da kansa ya karanta, ya ƙara da cewa ukun da suka rage Allah ya yafe.

Ladan kaɗai ya ƙi. Ya ce shi yana ajin, ya ga abin da ya gani. Na ce to hularsa ma tana ganin abin da take gani. Farar ƙubensa ta yi wata biyu a kan katako mai lamba ashirin da biyu, yana kiran salla da tsohuwar dara wadda asu ya ci.

Ban san ranar da abin ya juya ba. Na dai ji wata safiya mai koko tana ce wa wata baƙuwa, “Ki wuce rumfar Baba Bakwai, sai ki karya dama.” Na yi kamar ban ji ba, amma hular da ke hannuna ta sha sitaci fiye da ƙima.

Sai bikin auta ya zo. Ɗaurin aure ma a lasifika ake sanarwa, kuma da sunan uban yarinya. Ranar ina rumfa da hantsi, na ji an hura sau biyu. Na ajiye buroshi. Ladan ya yi salati, ya ce ana gayyatar jama'a ɗaurin auren 'yar Alhaji wane ɗan wane. Ba wanda ya motsa. Ya ce, “wanda aka fi sani da…” Ya tsaya. Na san da gangan ya tsaya, don ina jin numfashinsa a lasifika, ina kuma jin yana danne dariya. Tela ya ɗauke ƙafa daga kan keke.

“…Bakwai Bisa Goma.”

Layin ya ɗauki sowa. Ba wanda ya tambayi ko wane ne. Ranar ɗaurin auren kuwa shinkafa ba ta kai la'asar ba, har Tica ya zo, aka ba shi kujera a gaba.

Amma a ranar sanarwar, da ya kashe lasifika, ladan ya sauko ya taho rumfata kai tsaye, darar nan tasa a karkace.

Ya ce, “Bulokhed, ina hulata?”

Na dube shi. Duk duniya mu biyu muka rage daga 'yan Zangon ajin nan. Na ce, “A nan ƙasa na bar maka, kai kaɗai, don kai ma ba ka da sauran wani abin wasa. A sama, a lasifika fa?”

“A sama ka ji da kunnenka.”

“Ranar da ba zan ji ba nake nufi.”

Ya daina murmushi. Ya ce, “Ranar ma haka zan faɗa, in ni na rage.”

Na zare masa ƙubensa daga kan katako, ta yi tsaye har tana iya yanka hannu. Ya ɗora, ya duba a madubin tela, ya tafi. Ni kuma da yamma na kira na'ibinsa, wanda ke riƙe lasifika in ba ya nan, na ce ya kawo hularsa in wanke masa. Ya kawo. Tana kan katako yanzu haka, jibi zai zo karɓa, allon kuma yana inda yake.